Bakanon da Aka Haifa a Badun

An haife ni a shekarar 1966 a unguwar Sabo da ke Ibadan, garin da iyayenmu suke kira Badun, kuma a rana ta bakwai aka yanka rago aka raɗa mini suna kamar yadda ake yi wa kowane ɗan Musulmi. Amma idan na ƙirga mutanen da na yi hulɗa da su tun daga ƙuruciya har zuwa ranar da na ajiye aikin gwamnati, waɗanda suka kira ni da wannan suna na yanka ba su kai rabin waɗanda suka kira ni da sunan wani gari ba. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne ban taɓa zama a wani wuri aka kira ni da sunan wurin ba, kullum sai dai a laƙaba mini sunan garin da na baro, ko wanda ake zaton daga can na fito.

Tushen labarin kakana ne, mahaifin babana. Mutumin wani ƙauye ne da ke gabas da Kano, tafiyar yini guda a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa ta Ringim, kuma a zamaninsa duk wannan yanki ƙasar Sarkin Kano ce. Ya bar gida yana saurayi bayan an sayar da gyaɗar wata shekara, ya hau jirgi zuwa Kano, daga can ya bi wani fatake da ke safarar goro ya gangara Kurmi. Niyyarsa ita ce ya yi rani ɗaya ya koma ya yi aure, amma Allah bai nufa ba. Ya samu gindin zama a gidan wani maigida a Sabo, ya fara da ɗaukar kaya, ya koyi zaɓen goro da ɗaurin huhu, har ya zama wanda ake aika wa Shagamu ya sayo kaya. Matar da aka yi masa alkawari a ƙauye aka kawo masa ita can, a can ta haifi babana, a can kuma aka binne su duka biyu.

Ita unguwar Sabo tun shekarar 1916 aka keɓe ta domin Hausawa, kuma wanda bai zauna a cikinta ba zai ɗauka cewa mutanenta abu ɗaya ne. Daga waje haka ne, amma a ciki kowa da tutarsa. A zauren gidanmu, inda ake zazzage goro a kan tabarma ana ware fari da ja, ana fitar da marsa, wato manyan goro, gefe guda da minu, wato ƙanana, gefe guda, ana ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, ban taɓa jin an kira wani babba da sunansa kai tsaye ba. Wannan Basakkwace ne, wancan Bakatsine, mai sayar da shayi a bakin titi Bagobiri, mai yi mana aski Bahaɗeje, tsohon da ke kiran salla kuma Badamagare. Idan masu suna ɗaya suka yi yawa, kamar yadda aka saba, garin ne yake raba gardama, domin da ka ambaci suna za a tambaye ka, na Kano ko na Zariya? Baƙo idan ya sauka daga jirgi ko daga motar shanu, kafin a ba shi ruwa an tambaye shi mutumin ina ne, amsarsa kuma ita ce take nuna gidan da zai kwana da wanda zai tsaya masa idan ciniki ya rikice. Sai da na girma na gane cewa a kasuwancin da ake yi bisa amana, ba takarda ba sa hannu, sunan garin mutum shi ne jinginarsa, saboda wanda aka san ƙauyensu da dagacinsu ba ya gudu da kuɗin mutane ya kwana lafiya.

Mu da aka haifa a can akwai sunan da masu zuwa daga Arewa suke kiranmu da shi, wato 'yan kaka-gida. Asalinsa gaisuwar da tsofaffinmu suke tarbar sabon zuwa da ita ce, su riƙe hannunsa su ce, "Kaka gida?" suna tambayar ruwan bana da farashin hatsi da wanda ya mutu da wanda ya yi saura, a gidan da wasunsu sun shekara talatin ba su taka ba. Ina yaro ina jin sunan kamar yabo. Daga baya ne na fahimci akwai ɗan ba'a a cikinsa.

Mahaifiyata Bazazzagiya ce, 'yar wani malami da ya zo Sabo da almajiransa ya zauna, don haka a gidanmu wasan Kanawa da Zage-zagi ba ya ƙarewa. Kakata ta wajen uba ba ta kiran Inna da komai sai "baiwata", ita kuma Inna, duk da kunyar suruka, idan an matsa mata sai ta ce ai Bakano ko a masallaci lissafin riba yake yi. Kakar tawa ta amsa da kirarin da ta fi so, "Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka," tana buga ƙirji kamar ita ta gina badala, alhali kuwa sau ɗaya tak ta taɓa shiga birnin, shi ma wucewa ta yi a kan hanyarta ta zuwa gidan miji. A watan cika-ciki kawunnena na wajen uwa sukan zo su tsaya a ƙofar gida su ce sai an ba su kuɗin shara, babana ya rantse cewa su ne bayi su ya kamata su biya, a yi ta ja-in-ja har a tashi da dariya da ɗan abin da aka samu. Haka na ga Bagobirin nan mai shayi yana yi da Yarabawan da ke sayen burodi a wurinsa, haka Fulani masu kawo shanu suke yi da Barebari, haka Katsinawa da Nufawa. A lokacin na ɗauka duk duniya haka take, wato sunan garinku abin tsokana ne da ake jifan ka da shi ka rama, a rabu ana dariya.

Da ka tsallaka titi zuwa Mokola kuwa, duk waɗannan bambance-bambance sun rushe. A bakin Bayarabe babu Bakano babu Basakkwace, dukkanmu Gambari ne. Babana yakan ce kalmar ta samo asali ne daga Kambarin Barebari, fataken da suka riga kowa saba wa hanyoyin kudu, shi ya sa ba ya jin haushinta. Ni dai na san tana da fuska biyu. Matar da muke sayen amala a wurinta idan ta ce "Gambarina ya zo" har ƙarin nama take yi mini, amma yaran da muke buga ƙwallo da su idan faɗa ya kaure, da wannan kalmar suke fara zagi, kuma a lokacin ba ta da daɗin ji ko kaɗan.

Suna na biyu a makaranta na same shi. Ranar da aka kai ni ajin farko, malamin da ke rubuta sunaye ya tambayi babana sunan iyali. Babana ya faɗi sunansa, malamin ya ce akwai yara uku da aka riga aka rubuta da irinsa, sai ya ɗaga kai ya tambaya da Yarabanci, ku mutanen ina ne? Babana ya ce Kano. Malamin ya sunkuya ya rubuta, daga ranar na zama wane Kano a rajista, kuma da wannan suna na yi jarrabawa, na yi aiki, nake karɓar fansho a yau. A ajinmu akwai Katsina, akwai Sakkwato har biyu, akwai Bauchi, kuma babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa ganin garin da yake amsawa. Babana bai ga aibin abin ba, domin a cewarsa manyan Arewa ma haka makaranta ta yi musu. Yakan lissafa mini Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Isa Kaita, ya ce ko Sardauna da kansa Ahmadu Raɓa ake kiransa yana ɗalibi, balle Malam Aminu Kano wanda hotonsa yake manne a zaurenmu. Abin da bai lura da shi ba shi ne su waɗannan sunan garuruwansu na gaskiya aka ba su, ni kuwa garin da kakana ya ratsa aka ba ni.

A ƙarshen 1979, bayan na gama firamare, babana ya yanke shawarar tura ni wurin ƙanensa da ya koma Kano da zama, domin in yi sakandare a can kuma, kamar yadda ya faɗa a gabana, "kada yaron nan ya tashi bai san gida ba." Na hau jirgi da akwatin ƙarfe da ƙunshin goro na tsaraba. Na tuna Oshogbo da Offa da Ilorin, na tuna yadda fasinjoji suka yi tsit da muka hau gadar Jebba, na tuna yadda bishiyoyi suka riƙa gajarta ƙasa tana buɗewa bayan mun wuce Minna. Zuciyata cike take da murna, domin a ganina zan je inda ba wanda zai sake ce mini Gambari, inda sunana na rajista zai zama gaskiya.

Ban kwana ɗaya da wannan zato ba. Da muka isa gidan Baffa na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini, matarsa ta kawo mini ruwa a kwanon sha, na karɓa na ce, "Na gode o." Yaran gidan suka kalli juna, sannan suka fashe da dariya har ɗaya yana faɗuwa ƙasa. Da dare aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ci kaɗan na ajiye, Gwaggo ta tambaye ni me muke ci a can, na ce amala da miyar awedu, sai ta tafa hannu ta ce, "Alhaji, ai Bayarabe aka aiko mana." Kafin mako ya zagayo duk layin sun san ni da Ɗan Badun, waɗanda suka fi shaƙiyanci kuma suna kirana Bayarabe kai tsaye. Hausata ce ta fi tona mini asiri. Ina cewa "rigan" da "motan" maimakon "rigar" da "motar", wani ɓangare gadon bakin Inna, wani ɓangare kuma na Sabo, sannan ƙ da k duk ɗaya suke a harshena, har wata rana na so in ce ƙafata tana ciwo aka yi ta maimaita mini kalmar wata guda. Na taɓa yin faɗa a kan haka har aka fasa mini leɓe. Wani malaminmu na Hausa ne ya sanyaya mini zuciya, ranar da ya ji ana tsokanata ya tambayi ajin daga ina suka samo kalmomin agogo da ashana da keke da akawu, da suka yi shiru ya ce to daga bakin mutanen da kuke yi wa dariya ne.

A Kanon ma na tarar cewa kalmar Bakano ba ta kowa ba ce. Baffa yana zaune ne a wajen badala, kuma a idon 'yan cikin birni, waɗanda ke ƙirga kakanninsu a unguwa ɗaya, mu 'yan waje ne, mu da mutanen Fagge da Gwagwarwa da Tudun Wada. Shi kansa Baffa, wanda ya yi shekaru yana kasuwanci a garin, abokan cinikinsa na birni da sunan ƙauyen kakana suke kiransa, idan an yi saɓani kuma a ce ai baƙauye ne. A cikin birnin ma ba a cewa wane Bakano ne, sai dai a ce ɗan Ƙoƙi ne, ɗan Yakasai ne, ɗan Dala ne. Sunan Bakano sai mutum ya fita daga Kano yake samunsa, kamar yadda ba a kiran kowa Bahaushe sai a inda akwai wanda ba shi ba. Ni da na zo da sunan a rubuce a kan takarda, ni ne na fi kowa nisa da shi.

Har zuwa nan dai abin bai wuce na baki ba. Ya fara nauyi ne a 1985, da na gama sakandare na tashi neman gurbin karatu da tallafin gwamnati, aka ce sai na kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Na fara rubuta wa babana cewa ya nema mini a Ibadan, tunda can aka haife ni, can aka haife shi, can yake biyan haraji. Ya je wani ofishi, ya dawo ya aiko mini da amsa a taƙaice cewa jami'in da ya samu ya yi masa magana cikin ladabi, amma ya ce wannan takarda ta 'yan ƙasa ce, ya je garinsu ya karɓa. Sai Baffa ya ɗauke ni a motar haya muka nufi ƙauyen kakana, wanda ban taɓa gani ba, shi ma rabonsa da shi tun wata jana'iza.

Wannan rana ba ta fita daga raina. Muka tarar da dagaci a zaurensa yana zaune a kan buzu, dattawa biyar ko shida suna kewaye da shi. Muka cire takalma muka faɗi muka yi gaisuwa, Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗanku na kawo muku," ya faɗi sunan kakana. Aka yi shiru, kowa yana duban na kusa da shi, domin mutumin ya bar garin fiye da shekara arba'in. Can sai wani tsoho makaho da ke jingine da bango ya ce, "Ko dai Na-Kurmi ake nufi, wanda ya tafi neman kuɗin aure ya aiko a kai masa matar?" Nan take zauren ya ɗauka, aka tuna gidansu, aka tuna gonar da 'yan'uwansa suke nomawa, aka tuna goron da yake aikowa da shi duk salla. Ashe shi ma kakan nawa, wanda a Sabo ya rayu ya mutu ana kiransa Bakano, a mahaifarsa sunan Kurmi aka ba shi. Makahon ya ce in matso, ya shafa fuskata da kaina, ya ce goshin na gidansu ne. Da wannan shaida dagaci ya ba mu wasiƙa zuwa wurin hakimi, daga can zuwa sakatariya, kuma kafin kwana uku na zama ɗan asalin garin da ban taɓa kwana a cikinsa ba. Na yi murna, kuma har gobe ina yi wa waɗannan dattawa addu'a, amma a mota muna dawowa na riƙa tunanin yaran ajinmu na Sabo, musamman wani da kakansa ya zo tun yana almajiri ba wanda ya san ƙauyensu. Shi wane makaho ne zai tuna da shi?

Daga baya, da aikin ofis ya sa na saba da takardu, na karanta abin da doka ta ce. Tsarin mulkin 1999, kamar na 1979 da ya gabace shi, ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda wurin da ya fito, wannan yana sashe na 42. Amma a sashe na 318, inda ake fassara kalmomi, an bayyana cewa mutum ɗan wata jiha ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Ba a ambaci inda aka haife ka ba, ba a ambaci inda ka girma ko inda kake biyan haraji ba. A kan wannan ake raba guraben aiki da na karatu. Na tuna tun ina sabon zuwa Kano, a watan Janairun 1980, manya suna ta maganar Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, wanda aka ɗauka aka kai shi Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta tabbatar masa da 'yancinsa. A lokacin ban ga abin da ya haɗa ni da labarin ba.

Na fara aikin akawu a wata ma'aikata ta Jihar Kano a 1987, na yi aure, Hausata ta miƙe har ba mai gane ni sai na faɗa, ko da yake sunan Ɗan Badun ya riga ya bi ni har ofis. Ina ganin na zauna ke nan, sai ga ranar 27 ga Agustan 1991, aka ba da sanarwar ƙirƙiro sababbin jihohi, aka yanki Jigawa daga Kano, ƙauyen kakana kuma ya faɗa cikin sabuwar jihar. Ba a daɗe ba aka liƙa jerin sunayen ma'aikatan da za su koma Dutse, kuma ba a duba komai ba sai takardar nan ta asali. Na tsaya a gaban allon ina karanta sunana, da kalmar Kano a ƙarshensa, a cikin jerin waɗanda aka ce ba 'yan Kano ba ne. Abokan aikina suka yi ta yi mini dariya, ni ma na taya su, don ban ga abin da ya fi dacewa ba. Dutse a lokacin ba ta da gidajen da za su ɗauke mu, saboda haka da yawanmu muka bar iyali a Kano, muna tafiya ranar Litinin mu dawo ranar Juma'a, wasu ma kullum suke zuwa su koma. Mutanen garin kuwa, masu sayar mana da abinci da masu ba mu hayar ɗaki, suna ɗaya suka haɗa mu a cikinsa, wato 'yan Kano. A nan ne kaɗai a rayuwata aka yarda da abin da ke cikin rajistata, kuma an yarda ne a daidai lokacin da gwamnati ta soke shi.

Akwai abu ɗaya da ban cika son ba da labarinsa ba, amma idan na tsallake shi shaidar tawa ba ta cika ba. Maƙwabcina a Kano Bayarabe ne, makanike, iyayensa mutanen Ogbomosho, shi kuma haifaffen Kano. Hausarsa ta fi tawa tsabta, Yarabancina kuma ya fi nasa nesa ba kusa ba, har idan mahaifiyarsa tsohuwa tana son hira mai daɗi ni take aikowa a kira. Ya taɓa gaya mini cewa idan ya je garinsu biki, 'yan'uwansa Gambari suke kiransa. Shekaru muna wasa da wannan, ni in ce masa Bakano, shi ya ce mini Bayarabe. A watan Yulin 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu tsakanin Yarabawa da Hausawa, aka yi asarar rayuka, da waɗanda suka tsira suka iso Kano da labarin abin da ya faru sai gari ya ɗau zafi, aka shiga ramuwa a kan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ina cikin tashin hankali biyu, ga dangina a kudu ban san halin da suke ciki ba, ga maƙwabcina da matarsa da 'ya'ya huɗu da tsohuwa. Da magariba muka shigo da su gidana ta ƙofar baya, suka kwana uku a ɗakin matata. A rana ta biyu wani abokina ya zo duba ni, ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya kamar yadda ya saba ya ce, "Bayarabe yana ciki?" Limamin layinmu, wanda ya san abin da ke cikin gidan, ya taso daga inda yake zaune ya kama hannunsa ya ce masa a hankali, "Kada in sake jin wannan suna a bakin kowa sai gari ya lafa." Shekara ashirin ana kirana da shi ina amsawa, ban taɓa jin gabana ya faɗi saboda shi ba sai ranar. Allah ya kiyaye, ba abin da ya same su, amma bayan wata biyu ya sayar da garejinsa ya tafi da iyalinsa garinsu, inda ake ce masa Gambari. Muna waya har yanzu, kuma da Hausa muke yi, don ya ce ba ya samun mai yi da shi.

'Ya'yana duka a Kano aka haife su, kuma su kam ba wanda ya isa ya ce musu ba Kanawa ba ne a baki ko a ɗabi'a. Amma ranar da babbar 'yata take cike takardar shiga jami'a ta kawo mini ta ce, "Baba, sunana Kano, an haife ni a Kano, me ya sa zan rubuta Jigawa?" Na zaunar da ita na ba ta labarin gyaɗa da jirgi da goro da makahon da ya shafa goshina. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko akwai wutar lantarki a ƙauyen. Da aka tura ta hidimar ƙasa a wata jihar kudu, ta bugo waya tana dariya ta ce duk sansanin Aboki suke kiranta.

Babana ya rasu a Sabo, kuma kafin rasuwarsa Baffa ya yi ta roƙonsa ya dawo gida ya huta, shi kuma yana cewa sai bayan salla, sai bayan an sayar da kayan bana, har sallar ƙarshe ta zo. An binne shi kusa da iyayensa. Bayan rikicin kasuwar Shasha da ke Ibadan na watan Fabrairun 2021, ƙannena biyu da suka rage a can sun yi shawarar tattarowa su dawo Arewa, suka zo suka yi wata guda, matansu suka kasa cin tuwo, yaransu suka kasa jure zafin rana da tsokanar 'yan layi, suka koma.

Da na ajiye aiki a 2022 na shirya na tafi ziyarar kabarin iyayena. Na sauka a Sabo da hantsi, na bi layin da na yi rarrafe a cikinsa, na tarar an rushe rabin gidajen an yi benaye, zaurenmu dai yana nan, sai dai yanzu ba goro ake zazzagewa a cikinsa ba, masu canjin kuɗi ne suke zama. Wani dattijo da ban gane ba yana kishingiɗe a bakin ƙofa. Na yi sallama, ya dubi hulata da babbar rigata, ya ji Hausar da ke bakina, sai ya tashi zaune ya riƙe hannuna da hannu biyu ya tambayi gida, ya tambayi ruwan bana, ya tambayi nawa ake sayar da kwanon gero a Dawanau. Na ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya leƙa cikin gida ya ƙwala wa wani yaro kira ya ce a gaya wa masu gidan sun yi baƙo Bakano, a kawo tabarma, a kuma tambayi matan ko akwai garin tuwo, don mutanen Arewa ba su iya cin abincin nan ba. Na ce masa, "Baba, a bar tuwon, a aika Mokola a sayo mini amala," na kuma faɗa wa yaron da Yarabanci yawan naman da za a sa.